Bayan kasuwar Gamboru, saura masu lasifika

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwan da ya mamaye unguwannin Abbaganaram da Gwange a jihar Borno bai tsallake shagunan magani ba. Da ya janye, sai wasu 'yan kasuwa suka ɗauraye magungunan da suka jiƙe, suka shanya a rana don su mayar kan kanta. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta rufe kasuwar magani ta Gamboru, ta kwashe kayan da suka lalace. Wannan aiki ya cancanci yabo.

Sai dai jiƙaƙƙen kwali kowa na iya ganinsa. Ɓarnar da ta fi damunmu da baki ake yinta, kullum, a bainar jama'a. Mota ce za ta tsaya a bakin kasuwa ko tasha, an ɗaura mata lasifika, mai ita na rantsuwa cewa kwalba guda tana maganin basir da sanyi da shawara da hawan jini, har da ciwon suga, ta kuma ƙara wa maigida ƙarfi. 

Ba doka aka rasa ba. Dokar abinci da magunguna ta hana tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da cututtuka irin su daji da ciwon suga. Dokar jabun magunguna kuma ta hana sayar da magani a tasha ko gefen titi ko cikin mota.

Babban makamin mai talla shi ne ya ɗaga kwalba ya ce, ga lambar NAFDAC. A nan hukumar ke da nata laifin. Lambar da take bai wa yawancin magungunan gargajiya ta wucin gadi ce, ta shekara biyu, kuma shaida ce kawai cewa gwaji bai nuna guba ba. Ba ta ce maganin na warkar da komai ba. Gargaɗin hakan na jikin kwalbar, amma da Turanci, da ƙananan haruffa, alhali Hausa ko Kanuri mai saye yake ji. Ko a 2023, sai da binciken 'yan jaridar Premium Times da Dubawa ya nuna wani maganin gargajiya da ake kira Baban Aisha na iya illa ga ƙoda da hanta, rajistarsa ma ta daɗe da ƙarewa, sannan hukumar ta dira a masana'antarsa a Kaduna. A jiha irin Borno, inda ciwon ƙoda ya addabi gidaje da yawa, jiran 'yan jarida su fara ganowa sakaci ne.

Ba faɗa muke da maganin gargajiya ba, kuma mun san tsadar asibiti ce ke tura talaka wurin mai lasifika. Abin da muke nema shi ne a tilasta rubuta gargaɗin da Hausa da Kanuri, da boko da ajami, a kuma riƙa karanta shi a duk tallar rediyo. NAFDAC ta haɗa kai da lawanai da bulamomi, domin su suka san motar da ke shiga unguwa da ranar da take zuwa. Wanda aka kama yana ikirarin warkar da ciwon suga a kai shi kotu, a sanar da hukuncin a gidan rediyon BRTV.