Riƙon ƙwarya ba aikin gayya ba ne

Babu ɗan Nijar da bai san kalmar riƙon ƙwarya ba. Taron ƙasa da aka buɗe a Yamai ranar 29 ga Yuli 1991, aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, shi ne ya damƙa gwamnati a hannun Cheiffou Amadou, ya ɗora André Salifou bisa majalisar ƙoli ta riƙo, kuma bai watse ba sai da ya rubuta iyakar ikon kowannensu, ya yanka masu wa'adin wata 15. Wa'adin ya ɗan zarce, amma an rantsar da Mahamane Ousmane cikin watan Afrilu 1993. A 1999 ma Daouda Malam Wanké ya ɗauki alkawarin wata tara, ya miƙa mulki ga Tandja Mamadou cikin watan Disamba. Abin da jama'a suka koya a nan shi ne, duk wanda aka ba ajiyar kujera, wajibi ne a rubuta abin da aka ba shi, a kuma faɗi ranar da zai mayar.

Akwai wani riƙon ƙwaryar da ba a shelarsa a rediyo, alhali ya fi na siyasa yawa nesa ba kusa ba. Shi ne wanda ake yi kullum a cikin biro-biro na gwamnati, da lakwal, da gidajen likita, da kamfanoni. Daraktan lakwal ya yi ritaya, sai a ce wa wani mushe ya riƙe kafin a turo wani. An tura majo ƙaro ilimi, sai a miƙa mabuɗan ɗakin magani ga na ƙasa da shi. Shugaban sashen kuɗi ya rasu, sai akawunsa ya wayi gari yana sa hannu a takardun da ko taɓa su ba ya yi a da. Galibi da baki ake yin wannan naɗi, a tsaye, a bakin ƙofa. Wata ya wuce, shekara ta zagayo, wanda za a turo bai zo ba, aiki ya ninka, albashi kuwa yana nan inda yake.

Wannan ɗabi'a tana da asali. Tun da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, ƙasar nan ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, aka rage ɗaukar sababbin ma'aikata, aka kwaɗaitar da tsofaffi su ajiye aiki. Kujeru suka yi ta zama wayam, aikin da ke bisansu kuwa bai ragu ba. A shekarun 1990 bashin albashi ya taru wata bisa wata, har aka yi zamanin da watan ma'aikaci ya koma kwana 42. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa tamma 100. Mutumin da ke bin gwamnati albashin wata da watanni ba ya da bakin tambayar ladan riƙo, domin wanda bai sami tuwo ba ba ya neman man shanu. Daga baya aka cike gurabu da matasa ƴan bautar ƙasa, kuma daga ƙarshen shekarun 1990 aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawa a makarantun firamare. A ƙauyuka da dama ɗan kwantaragi ne ya riƙa jan ragamar lakwal. Abin da aka fara domin larura sai ya zama al'ada, har wasu shugabanni suka ɗauka haka tsarin yake.

Tsarin kuwa ba haka yake ba. Ranar 15 ga Disamba 1972 masu ba da aiki da wakilan ma'aikata suka sa hannu a babbar yarjejeniyar aiki da ta haɗa sana'o'i daban-daban, wadda ta yi shekaru masu yawa tana zaman ginshiƙin hulɗa tsakanin kamfani da ma'aikacinsa. Burkina Faso ta yi irinta a 1974, Kodibuwa a 1977, Senegal a 1982. Waɗannan yarjejeniyoyi tushensu ɗaya, kuma game da wanda aka ɗora bisa aikin da ya fi matsayinsa, hanya ɗaya suka bi. Riƙo na ɗan lokaci ba ya ba mutum haƙƙin kujerar kai tsaye. Amma riƙon yana da wa'adi, gajere ga leburori da ƙananan ma'aikata, mai ɗan tsawo ga manya. In wa'adin ya cika, mai ba da aiki ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya tabbatar da mai riƙo a sabon matsayin, ko ya mayar da shi aikinsa na da. In kuwa mai kujerar yana nan, ciwo ne ko haɗari ko hutu ya tsare shi, to bayan wa'adin sai a biya mai riƙo bambancin da ke tsakanin albashinsa da mafi ƙarancin albashin matsayin da yake riƙe. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012, wadda ta maye gurbin ta 1996, ita ma ta tsaya a kan cewa aiki iri ɗaya, ko mai daraja ɗaya, ladansa ɗaya ne.

Lissafin ba ya da wuya. A ɗauka, a matsayin misali kawai, ma'aikaci yana karɓar jikka 80 a wata, matsayin da aka ba shi riƙo kuma yana farawa daga jikka 120. Bambancin jikka 40 ne. In ya yi wata takwas bayan cikar wa'adi ba a biya shi ba, an ci masa jikka 320, wato albashinsa na wata huɗu cur. Ga mai iyali wannan hatsin damina ne da kuɗin haya da na magani. Ga wanda ya hana kuwa riba ce da ya samu ba tare da ya sayar da komai ba.

Abin takaici shi ne, gwamnatin da ke tura sufeton ƙwadago ya binciki kamfanoni a kan wannan ƙa'ida, ita ce ta fi kowa yawan masu riƙo. Ma'aikacin gwamnati ba ya ƙarƙashin yarjejeniyar kamfanoni, yana da tasa dokar, wadda aka sabunta a 2007. A wurinsa alawus ɗin muƙami yana bin takardar naɗi ne, ta shugaban ƙasa ko ta minista. Wanda aka ɗora da baki, ko da ƴar takardar cikin gida, sau da yawa ba ya da abin da zai nuna wa baitulmali. Alhakin aiki kuwa ba ya jiran takardar naɗi, sa hannu yake bi. Ranar da masu bincike suka zo suka tarar da giɓi a asusu, ko magani ya ɓace, ko kayan lakwal sun yi ƙafa, wanda mabuɗi ke aljihunsa shi za a kira. A ranar nan kowa zai tuna cewa shi ne shugaba. Ranar biya ce kaɗai ake mantawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada ƴan kasuwa su ɗauka wannan rigimar ma'aikata ce da ba ta shafe su ba. Su ne na farko da ke biyan kuɗin da gwamnati ta ƙi biya. Mutumin da aka ba ikon sa hannu a takardar da ta kai miliyoyi, aka bar shi da albashin da ba ya kai shi ashirin ga wata, an ajiye shi ne a bakin rijiya da ƙishirwa. Da yawa suna kame kansu, kuma sun cancanci yabo. Wasu kuwa suna karɓar ladan riƙonsu daga hannun wanda ya zo neman takarda. Ɗan kasuwar da motarsa ta kwana uku a bakin iyaka, ko wanda takardar biyansa ta yi wata biyu bisa teburi, ya san wannan haraji da ba a rubuta shi a kasafin kuɗi ba. Ko da mai riƙon ya kasance mai gaskiya, akwai wata asarar. Wanda bai san ranar da za a ɗauke shi ba tsoron yanke hukunci yake yi. Abin da zai iya gamawa yau sai ya ce a jira mai kujera, mai kujera kuwa ba a naɗa shi ba. Sannan kuma ma'aikacin da aka tauye wa haƙƙi, a kantin unguwa yake cin bashin shinkafa da sukari, littafin bashin kuma a hannun ɗan kasuwa yake.

Akwai kuma fuskar siyasa, wadda ba a cika faɗi ba. A zamanin jam'iyyu da yawa, rabon muƙamai ya zama abin ciniki tsakanin ƙawayen mulki, kujera takan daɗe babu mai ita domin ba a daidaita a kan jam'iyyar da za ta ci ba. Mai riƙo kuma ya fi naɗaɗɗe sauƙin juyawa: ba ya da takardar da za ta kāre shi, kalma ɗaya ta isa ta mayar da shi inda ya fito. Shugaban da ke son a sa hannu a abin da bai dace ba ya san wannan sarai. Saboda haka riƙon da ba ya da wa'adi yana raunana ma'aikata gaba ɗaya, ya mayar da ma'aikacin ƙasa yaron wani.

Su ma alhazan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni ya kamata su dubi nasu gidan. Maigida ya tafi Makka, ko Kwatano, ko Dubai, ya bar wa yaronsa kanti da sito da littafin bashi na wata biyu ko uku. Yaron ya sayar, ya karɓi kaya, ya sallami masu bi, ya kwana yana gadin dukiyar da bai mallaki ko tamma a cikinta ba. In an dawo an sami riba, sai a ba shi tsaraba da godiya. In an sami giɓi, sunansa ya ɓaci a kasuwa har abada. Gaskiya ne a al'adar kasuwanci maigida yakan yi wa yaronsa aure, ya ba shi jari, kuma wannan abin alheri ne da bai kamata ya mutu ba. Amma alheri yana hannun mai bayarwa, in ya ga dama. Haƙƙi kuwa na wanda ya yi aikin ne. Tun kafin a hau mota ya dace a zauna gaban shaidu, a ƙidaya kaya, a faɗi abin da mai riƙo zai samu.

Masu ba da aiki suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa riƙo makaranta ce, a nan ake gane wanda ya iya. Haka ne, shi ya sa yarjejeniyoyin suka bar ɗan lokaci na farko babu ƙarin kuɗi, kuma babu mai hankalin da zai nemi lada don ya tsare kujerar abokin aikinsa kwana uku. Amma gwajin da ya shekara ya daina zama gwaji. Wanda ya iya, a tabbatar da shi. Wanda bai iya ba, barinsa a wurin cutar jama'a ne. Suna kuma cewa baitulmali ba kuɗi. In mai kujera ya rasu ko ya yi ritaya, alawus ɗin muƙaminsa ya tsaya, ba sabon kuɗi ake nema ba. In yana raye yana jinya, bambanci kawai ake biya, ba albashi biyu ba. Ƙasar da ta daɗe da mafi ƙarancin albashi na tamma 30.047 tun daga 2012, sai a Janairu 2024 ya koma tamma 42.000, bai kamata ta ƙara wa ma'aikacinta da aikin kyauta ba.

Gyaran ba ya bukatar taron ƙasa. Na farko, kada a sake ɗora kowa bisa aikin da ya fi matsayinsa sai da takarda mai kwanan wata, wadda ta faɗi aikin, da iyakar ikon sa hannu, da ranar ƙarewa. Na biyu, gwamnati ta ɗora wa kanta ƙa'idar da take ɗora wa kamfanoni: in wa'adi ya cika, ko naɗi ko sauka. Na uku, alawus ɗin muƙami ya bi wanda ke yin aikin, ya fito a takardar albashinsa, kada ya zama kyautar da shugaba ke bayarwa daga aljihun tebur. Na huɗu, lokacin da mutum ya yi yana riƙo ya shiga cikin takardunsa, a duba shi ranar ƙarin girma. Kowane minista kuma yana iya sanin adadin kujerun da ke hannun masu riƙo a ma'aikatarsa cikin mako guda, in ya so ya sani.

Ƙungiyoyin ƙwadago, USTN da CNT da CDTN da sauransu, sun sha yajin aiki a kan bashin albashi da ƙarin girma, amma mai riƙo shi kaɗai yake shan wahalarsa, domin ba a ganinsa a cikin taro. Ya kamata wannan magana ta shiga takardar koke-kokensu ta ranar 1 ga Mayu, a rubuce. Shi ma ma'aikaci yana da nasa aikin. Ya nemi takarda cikin ladabi tun ranar farko, ya adana kwafin duk abin da ya sa wa hannu da sunan muƙamin. In na kamfani ne, ƙofar sufeton ƙwadago a buɗe take domin sulhu, bayanta kuma akwai kotun ƙwadago. Kada ya yi jinkiri, domin neman bashin albashi yana da wa'adi a doka, wanda ya bari ya wuce ya yafe ke nan ko bai yi niyya ba.

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, wanda aka yi wa askin shi ma dole ya biya lada. Gayya ana yin ta ne yini guda a gonar maƙwabci, a ci tuwo, a watse, gobe a je gonar wani. Aikin da aka yi wata da watanni ana yi, da mabuɗi a aljihu da alhaki a wuya, sunansa aiki, kuma a ƙarshen kowane wata ya kamata a ga ladansa a takardar albashi.