Abin da ke bayan katako

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Amurka ya san motar nan doguwa, ruwan ɗorawa, mai kwasar yara zuwa makaranta da sassafe. Akwai irinta kusan 480,000 a ƙasar, kullum suna jigilar yara fiye da miliyan 20. Launin ma an zauna ne aka tsayar da shi. A 1939 wani malamin Jami'ar Kolombiya da ke New York, Frank Cyr, ya tara wakilan jihohi da masu ƙera motoci, suka zaɓi kalar da direba zai hango tun daga nesa ko da gari bai gama wayewa ba. A 1977 gwamnatin tarayya ta ƙara ɗaure motar da dokoki. Ɗaya daga ciki ta ce dole rufinta ya iya ɗaukar nauyin motar sau ɗaya da rabi ba tare da ya lotse a kan yara ba. Kamfanonin da ke ƙera ta, irin su Blue Bird da Thomas, ba su isa su fitar da ko guda ba sai ta cika waɗannan sharuɗɗa.

Idan ta yi shekara 12 ko 15 tana aiki, sai makaranta ta sa ta a gwanjo, a sayar da ita a 'yan dubban daloli. Wasu a tura su Gwatemala su zama motocin haya. Wasu kuma Amurkawa ne ke saye, su cire kujerun, su sa gado da kicin da banɗaki, su tare a ciki. Al'adar ta daɗe, amma ta bunƙasa ne a lokacin annobar korona, sa'ad da kuɗin haya da farashin gidaje suka fi ƙarfin mutane da yawa, ga kuma damar yin aikin ofis ta intanet daga ko'ina. A 2021 kaɗai masana'antun Amurka sun fitar da motocin kwana da tireloli kusan 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Wanda bai iya sayen sabuwa ba sai ya karkata ga tsohuwar bas. Wanda ba shi da hannun sana'a sai ya nemi kamfanin da zai yi masa aikin, kuma kamfanonin suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina.

A nan damuwata take. Motar da aka haifa a ƙarƙashin doka mai tsanani, ranar da ta shiga garejin masu mayar da ita gida, ta fita daga idon kowa. Mai gina gida a Amurka sai jami'i ya zo ya duba wayarin da famfo kafin a rufe bango. Manyan masana'antun motocin kwana, waɗanda galibinsu ke yankin Elkhart a jihar Indiyana, suna da ƙa'idojin wuta da gas da ƙungiyarsu ke bibiya, har da tambarin da ake mannawa a jikin mota. Ƙaramin garejin da ke gyara bas ya faɗa tsakanin biyun: ba magini ba ne, ba kuma masana'anta ba. Mutum ya yi wa kansa guda ɗaya, ya sa hotuna a Instagram, aka yaba, washegari ya yi rajistar kamfani ya fara karɓar kafin alƙalami.

Alhali aikin na mutum biyar ne: mai walda, kafinta, mai wayarin, mai famfo da makanike. Da wuya a samu wanda ya ƙware a duka. Abin da aka fi samu shi ne kafinta mai hannu, domin aikinsa ne ke fitowa a hoto. Sauran huɗun kuwa katako ne ke rufe su.

Mu ɗauki daɓen motar. Bas ɗin da ta yi rayuwarta a jihohin arewa kamar Ohayo ko Mishigan ta sha gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, ƙasanta duk tsatsa. Idan aka cire kujeru kuma, sai a bar ɗaruruwan ramukan noti. Aikin gaskiya shi ne a ɓamɓare roba da tsohon katako har a ga ƙarfe, a kankare tsatsa, a toshe kowane rami, a shafa fenti, sannan a shimfiɗa sabo. Aiki ne na makonni, mai ƙura da gajiya, kuma babu wanda zai gan shi. Mai ha'inci sai ya ɗora sabon katako a kan ruɓaɓɓe. Sai bayan shekara guda mai mota ya fara jin warin funfuna, ƙasa na lotsawa a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma gyaran yana nufin a fasa kicin da banɗaki da duk abin da aka gina a kai.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaga rufi. Cikin bas bai wuce ƙafa 6 da 'yan kai ba, idan aka sa soson kare sanyi sama da ƙasa sai dogon mutum ya koma tafiya a sunkuye. Don haka ake yanke ƙarafan da ke riƙe da rufin, waɗanda suke kamar haƙarƙarin motar, a ɗaga shi ƙafa ɗaya ko biyu, a yi ƙari a walde. Waɗannan ƙarafa su ne dokar 1977 ta tsaya a kansu. Idan mai waldan ya san aikinsa, to madalla. Idan ɗan koyo ne, an warware ainihin abin da ya sa mutum ya zaɓi bas tun farko, kuma ba za a sani ba sai ranar da ta kife. Haka wutar lantarki. Wayar da ake sa wa gini, mai sili ɗaya, tana iya karyewa da jijjigar hanya, abin da ake so shi ne mai silili da yawa, mai kaurin da ya dace, da fiyus kusa da batir. Ga tukunyar gas a ɗakin da yara ke kwana. Ga tankin ruwa mai lita 400, wato kilo 400 ke nan, wanda idan aka jibge shi gefe guda tare da batura sai mota ta riƙa rinjaya a kwana.

Sai kuma maganar kuɗi. Aikin yakan ci dubun-dubatar daloli, wani ya haura 100,000, kuma ana karɓar kaso mai tsoka tun kafin a kwance noti ɗaya. Ban yarda cewa duk wanda ya gaza ɗan damfara ne tun asali ba. Da yawa sun yanka farashi ƙasa da abin da aikin zai ci, kayan aiki suka yi tsada, sai suka fara taɓa kuɗin sabon mai aiki don ƙarasa motar tsohon. Ya zama adashin da mai kwasar ƙarshe ke tashi a tutar babu. Wata shida ya zama shekara biyu, waya ta daina shiga, wata rana a tarar da gareji a kulle. Na fahimci yadda mutum ke zurmawa cikin wannan, amma ba na yi masa uzuri. Ranar da ya karɓi kuɗin wani alhali ya san ba a kan motarsa zai kashe ba, ranar ya ci amana, ko da niyyarsa ta biya ce.

Mun san telan da ke tara ɗinkin Sallah fiye da ƙarfinsa, amma wanda tela ya yaudara yana da tsohuwar riga. Da yawa daga cikin waɗannan mutane gidansu suka sayar, ko suka saki haya, suka zuba abin da suka tara a motar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kotu ma ba ta cika share musu hawaye ba. Dokokin jihohi da ke tilasta wa kamfani karɓar mota mai aibi an yi su ne galibi don sababbin motoci. Garejin kuma yawanci an yi masa rajista ne ta yadda bashinsa ba ya hawa kan dukiyar mai shi, ko ka yi nasara a shari'a sai ka tarar da asusu wayam. Kamfanonin inshora da yawa kuma suna ja da baya idan suka ji an ɗaga rufi ko an sa murhun itace.

Za a ce sa ido zai kashe ƙananan masu sana'a, ya ƙara tsada. Ni a ganina mai aikin ƙwarai ne ya fi kowa cutuwa da wannan sakaci, domin shi ne zai ce wata goma da farashi mai nauyi, mai rufa-rufa ya ce wata huɗu da rabin kuɗin, kuma hotunansu iri ɗaya ne. Jihohin da ke sauya takardun bas zuwa motar kwana sun fi damuwa da ko akwai wurin barci da girki da banɗaki, da ko an cire fitilun makaranta da allon tsayar da motoci. Ƙara duba walda da waya da gas a kan wannan ba zai rusa kowa ba.

Kafin a kai can, nauyin yana wuyan mai mota. Kada ya biya sai daki-daki, kowane biya bayan an gama wani sashe, kuma ya kawo nasa mai wayarin da mai walda su gani tun ƙarfe yana tsirara. Ranar karɓa kuma, kafin ya miƙa cikon kuɗi, ya cika tankunan ruwa, ya tuƙa ta zuwa sikelin manyan motoci, ya gwada abin da ya fito da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya buga a farantin da ke kusa da kujerar direba.