A Mayar da Lissafi Soro

Akwai wata ƙarya da muka daɗe muna faɗa wa yaran cikin badala, har suka haddace ta suna maimaita mana: "Ni ba ni da kan lissafi." Ni ma na faɗe ta ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ranar da malami ya cika allo da aljabara alhali ban gama gane yadda ake tara rabi da sulusi ba. Ajinmu ya cika maƙil, babu wanda ya lura an bar ni a baya. Daga ranar na yi sallama da lissafi, ba don kaina ya gaza ba, sai don babu wanda ya zauna da ni.

Duk mai shakka ya shiga Kasuwar Kurmi ya kalli yaron shago yana fitar da riba, da la'ada, da ragowar bashi, duk da ka, kafin mai saye ya lalubo wayarsa. Ya kuma leƙa zauren malamin fara'ili ya ji yadda ake raba gadon wanda ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da iyaye biyu: tumuni, da sulusi biyu, da sudusi sau biyu, su haɗu su zarce dukiyar, sai a ɗaga asalin rabon daga 24 zuwa 27. Wannan shi ne lissafin da ke kayar da 'ya'yanmu a aji. Tun a 1732 Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi kan ƙa'idojin gina hatimi, wanda masana tarihin lissafi ke ambata har yau. Ba baƙi ba ne mu a wannan fage.

Inda gizo ke saƙa shi ne, lissafi gini ne: tubalin da aka tsallake a aji uku na firamare shi ke rusa bango a aji uku na babbar sakandare. Makarantar boko kuwa shekara take ƙirgawa, ba fahimta ba. Ɗan mai hali idan ya yi tuntuɓe akwai malamin lesin da ke jiransa da la'asar. Ɗan Jakara ko Madabo ko Yakasai sai a yi ta tura shi gaba da giɓinsa, har ranar WAEC ko NECO, inda rashin kiredit a lissafi zai rufe masa ƙofar likitanci, da injiniyanci, da akanta. Daga nan ko a biya masa kuɗin satar amsa, ko ya koma majalisar bakin lungu, inda ake da masu jan yara a jiki, amma zuwa daba da ƙwacen waya.

Mun san abin da ke aiki. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, suka yaye likitoci da injiniyoyin da ake alfahari da su. Sai dai da jarrabawa ake shigarsu, ke nan wanda ya riga ya tsira suke ɗauka. A 2019 aka fara gwajin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, bisa tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya: a gwada kowane yaro, a zaunar da shi da sa'o'insa a fahimta, ba a shekaru ba. A Chicago ta Amurka, daga 2013, an gwada ba samarin unguwannin talakawa mai koyarwa ɗaya ga ɗalibai biyu a kowace ranar makaranta, binciken Jami'ar Chicago ya nuna makinsu ya ƙaru, masu faɗuwa suka ragu.

Abin kunyar shi ne, wannan tsari namu ne tun asali. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo sai ya biya daidai. A karatun soro kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya, malami kuma ya san ubansa da sana'arsa. Abin da wasu suka kashe kuɗin bincike suka gano, mu a ƙofar gida muka baro shi.

Mu ne kuwa muka baro shi: mu da muka yi karatu, muka samu aiki, muka tare a Nasarawa da Hotoro da Sharaɗa, muke shiga gari ran Juma'a da ranar ɗaurin aure. Mun iya rabon shinkafa da azumi. Mun iya saya wa yaro fom ɗin JAMB ba tare da tambayar ko ya iya rabawa ba. Mun iya tara matasa a zauren taro mu yi musu lacca kan "nasara", a ɗauki hoto a watse. Duk wannan ya fi zama da yaro sauƙi, shi ya sa muka zaɓe shi.

Za a ce aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma tun da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, wajibi ne a riƙa binta bashin azuzuwa da malamai. Amma yaron da ke aji biyar bana ba zai daina girma ya jira kasafin kuɗi ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ake nema kaɗan ne. Ka nemi izinin mai unguwa da iyaye, ka samu soro da allo da fitilar sola. Ka ɗauki yara uku, maza ko mata, tsakanin magariba da isha, sau biyu a mako, tsawon shekara guda ba fashi. Ka fara daga inda suka tsaya, da Hausa, da kuɗin cefane da mudun gero, kuma kada ka wanke allo sai sun biya. Idan a gidanku akwai soron da ke kulle tun da kuka tashi, to ka san inda za ka fara.