Gara Ba Ta San Darajar Littafi Ba

Sanin kowa ne cewa Gidan Arewa da ke Kaduna da Cibiyar Waziri Junaidu da ke Sakkwato suna adana rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Amma kaso mai tsoka na wannan gado yana zaurukan malamai, cikin gafaka da adaka, a hannun jikokin waɗanda suka rubuta shi. Saboda haka su ya kamata a fara koya wa dabarun adana shi.

A idon masanin halittu, takarda abinci ce. Da zaren tsirrai ake yin ta, wato sinadarin selulos, wanda gara ke narkarwa da taimakon ƙananan halittun da ke cikin hanjinta. Asu da kyankyaso suna bin ƙaro da sitaci, ɓera kuwa sheƙa yake nema. Ita funfuna, ƙwayoyinta suna yawo cikin iska kullum, kuma da zarar laima ta daɗe sama da kashi 65 cikin 100, kamar yadda takan yi a watan Agusta, sai su tsiro.

Abin takaici, ɓarna da yawa daga kyakkyawar niyya take fitowa. Wani ya liƙe yagaggen shafi da salatif, daga baya danƙon ya jiƙe takardar ya bar tabo. Wani ya fesa maganin sauro, wani ya shanya littafi a rana har ya yi ƙamas, wani ya ƙulle shi a leda da damina, gumi ya taru. Tawadar gawayi da ƙaro kuwa, ɗigon ruwa ya isa ya wanke ta.

Wasu na ganin a tattara komai a kai wa hukuma, ko a ɗauki hoto a huta. Ɗaukar hoto yana da amfani ƙwarai, sai dai hoto kan ɓoye tambarin da ke cikin jikin takarda, irin jinjirin wata uku na takardun Italiya, wanda ke taimaka wa masana gane zamanin littafi. Kuma ba kowane gida ne zai yarda ya rabu da rubutun kakansa ba.

Abin da ya faru a Tambutu ta ƙasar Mali ya isa darasi. A Janairun 2013 'yan bindiga sun ƙone rubuce-rubuce kusan 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, alhali iyalai, bisa jagorancin Abdulƙadir Haidara, sun kwashe dubban ɗaruruwa zuwa Bamako a ɓoye. Can ma sai da aka yi fama da laima. Jama'a ne suka ceci littattafan, ilmi kuma ya raya su.

Horon da ake bukata ba mai tsada ba ne. A ɗora akwati bisa kanta, nesa da bango da ƙasa. A wanke hannu a tsane shi kafin a taɓa shafi. A share ƙura da buroshi mai laushi, a ware littafin da ya kamu, a rubuta sunan kowane littafi a rajista, a riƙa dubawa, musamman da damina.

Jami'o'i suna da masanan ƙwari da na tarihi, makarantun sakandare suna da ƙungiyoyin kimiyya. Idan aka haɗa su da masu littattafan a zauren mai unguwa, ɗalibin da ya koyi gane hanyar gara a jikin bango zai iya ceton littafin da ya girmi kakansa.