Ɗalibi Mai Karatu A Waje, Kada Ka Raina Akwatin Saƙon Murya

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke ba ni mamaki. Mutum zai danne makirfon a WhatsApp ya yi ta zuba na tsawon minti biyar, ko numfashi ba ya ja. Amma ka kira wani bai ɗaga ba, ka ji muryar nan tana cewa ka bar saƙo bayan ƙara, nan take sai ka katse, har da tsaki, wai an cinye maka kati. A gida wannan ba laifi ba ne, domin wanda ka kira zai ga alamar kiranka ya biyo ka. Amma idan kai ɗalibi ne a wata jami'a a Amurka ko Kanada ko Ingila, ko kana shirin tafiya, ra'ayina shi ne ka ajiye wannan ɗabi'ar tun a filin jirgi.

A can, kiran da ba a bar saƙo a bayansa ba ana ɗaukarsa kiran da ba shi da muhimmanci. Filashin ba ya aiki. Ka kira ofishin malaminka sau bakwai kana katsewa, da wuya ya neme ka, don bai san wane ne ba, bai kuma san me ake so ba. Haka su ma idan suka neme ka: sau ɗaya za su kira, su bar saƙo, su rubuta a fayil cewa an sanar da kai. Ko ka saurara ko ba ka saurara ba, wannan kuma ruwanka.

To su wa ke kiran? Ofishin kuɗin makaranta, asibitin jami'a, sashenku, da kuma ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Wannan na ƙarshen shi ne wanda bai kamata ka yi wasa da shi ba. Ɗalibin da ke Amurka da bizar F-1, takardarsa ta I-20 a hannun wannan ofishin take, kuma su ke shigar da bayanansa a rumbun gwamnati mai suna SEVIS. Ko gida ka sauya, doka ta ba ka kwana 10 ne ka sanar. Idan wata matsala ta taso a takardunka suka kira ka, saƙon ya kwana biyu yana jiranka a akwati, kai kana can kana jiran a sake kira, to abin da za a gyara da kira ɗaya yana iya zama doguwar magana. Kuma kada gajartar saƙon ta yaudare ka. Saboda dokokin sirri, irin FERPA ta 1974 da ke kare bayanan ɗalibai, sau da yawa ba za su faɗi dalili ba, sai dai su ce ka kira su. Gajeren saƙo ba ya nufin ƙaramar magana.

Yadda tsarin jami'ar yake

Galibi ana ba da akwatin jami'a ne ga malamai da ma'aikata, da kuma ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke taimakawa wajen koyarwa ko bincike. Za a ba ka gajeriyar lambar cikin gida, yawanci lambobi huɗu ko biyar na ƙarshen cikakkiyar lambar ofis, tare da lambar sirri ta wucin gadi. A tsarin Cisco Unity, wanda jami'o'i da dama ke amfani da shi, ga yadda abin yake:

1. Ka danna maɓallin saƙonni a kan wayar tebur, ka sa lambar sirrin da aka ba ka, ka danna #.
2. A karon farko zai sa ka naɗi sunanka, ka naɗi gaisuwar da mai kira zai ji, sannan ka zaɓi sabuwar lambar sirri. Ka bi shi har ƙarshe, in ka katse a tsakiya zai sake dawo da kai farko.
3. Bayan nan, 1 na sauraren sababbin saƙonni ne, 2 na aikawa, 3 na tsofaffi, 4 na saiti.
4. Idan ba ka ofis, ka kira lambar akwatin ta jami'ar, ka danna *, ka sa lambarka ta ciki da #, sannan lambar sirri da #.

Jar fitilar da ke kan wayar tebur, idan ta kunna, saƙo ne ke jiranka. Maɓallin gogewa da na ajiyewa kuwa suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ka saurari muryar kafin ka danna, kada ka goge abin da kake son ajiyewa. Idan ba a ba ka akwatin jami'a ba, na layin wayarka shi ne madadinsa. A yawancin layukan Amurka, ka danne 1 ka riƙe, zai kai ka.

Idan kai ne mai barin saƙon

Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma abin alfahari ne. Amma na'ura ba ta amsa "ina gajiya". Gaisuwa ɗaya ta isa. Ka faɗi cikakken sunanka a hankali, ka jero haruffansa idan ka san baƙo ne a kunnensu, ka faɗi kwas ɗin da kake yi, abin da kake so a jimla ɗaya ko biyu, sannan lambar wayarka sau biyu. Rabin minti ya wadatar. Tsare-tsare da yawa yanzu suna mayar da murya rubutu su tura wa mutum ta imel, kuma sunan Bahaushe idan aka faɗe shi da sauri, Allah kaɗai Ya san abin da na'urar za ta rubuta.

Maganar lambar sirri

Nan ne abin ya shafi kowa, har wanda bai taɓa barin Kano ko Maraɗi ba. Akwatin saƙon murya ana iya buɗe shi daga wata wayar daban, lambar sirri ce kawai ƙofarsa. Wanda ya bar 0000 ko 1234 ya bar ƙofa a buɗe. A Ingila, jaridar News of the World, wadda aka kafa a 1843, rufe ta aka yi a watan Yulin 2011 bayan da aka gano cewa masu yi mata aiki suna sauraren saƙonnin muryar mutane a ɓoye, kuma lambobin sirrin da masu su ba su taɓa canzawa ba suna cikin abin da ya sauƙaƙa musu.

Ɓarayin WhatsApp ma sun san wannan hanyar. Za su sa lambarka a wayarsu cikin dare kana barci, su zaɓi a turo lambar tabbatarwa ta hanyar kira. Ba ka ɗaga ba, sai kiran ya faɗa akwati, na'urar ta karanta lambobi shidan a ciki. Su kuma su buɗe akwatin da 0000 su kwashe. Gari na wayewa sai ka ji ana roƙon kuɗi da sunanka a zauren danginku.

Maganin guda biyu ne. Ka canza lambar sirrin zuwa wadda ba shekarar haihuwarka ba, ba kuma ƙarshen lambar wayarka ba. Sannan ka shiga saitin WhatsApp, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wanda ke gida kuma ba ya amfani da akwatin kwata-kwata, ya danna *#61# ya ga inda kiransa ke tafiya idan bai ɗaga ba. Lambar ##002# tana soke duk wata karkatar da kira, in kuma ta ƙi, ka kira kamfanin layinka su rufe maka.

Na san wani zai ce, ai malam wannan tsohon yayi ne, imel ya wadatar, jami'o'i ma suna kwashe wayoyin tebur suna komawa Microsoft Teams da Zoom Phone. Gaskiya ne, kuma duk maganar da kake son shaida a kanta, imel ya fi. Sai dai wayar ce aka kwashe, akwatin yana nan, ya dawo cikin manhaja ne kawai. Hasali ma yanzu uzurinka ya ragu, tunda saƙon yana zuwa har wayar hannunka. Ni shawarata, idan magana mai nauyi ce, ka bar saƙon murya ka kuma bi shi da imel.

Abu na ƙarshe, ba duk saƙon da ka tarar ne na gaskiya ba. Ana barin wa ɗaliban waje saƙonnin tsoratarwa da sunan hukumar shige da fice, a ce ka biya kuɗi yau ko a kore ka daga ƙasar. Hukuma ba ta karɓar tara ta katin kyauta na kanti. Kada ka kira lambar da aka bar maka, ka nemo lambar ofishin daga shafin jami'arka ka tambaye su da kanka.

Don haka yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka buɗe akwatinka. Ka saurari abin da ya taru, ka goge tsofaffi don idan ya cika sabon saƙo ba ya shiga, ka canza lambar sirri. Aikin minti biyar ne. Wanda kuma yake da ƙani ko ɗa ko 'ya da ke karatu a waje, ya tura musu wannan. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da ku lafiya.