Ra'ayi: Abdallah Oumbadougou da arzikin Arlit da ba a haƙowa a rami

Duk wanda ya ji an ambaci Arlit, yuraniyom ne ke fara faɗo masa a rai. Saboda ma'adinin aka kafa garin a ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK kuma ya bi sahu a Akokan a 1978. A ƙarshen watan Maris na 2021 COMINAK ya rufe, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi, aka bar wa gari tsibin tarkace. A wannan shekarar ce kuma Mdou Moctar, mawaƙin da ya tashi a Arlit, ya fitar da kundinsa "Afrique Victime", wanda ya kai shi manyan dandali a Amurka da Turai.

Mdou Moctar bai taɓa ɓoye inda ya samo kiɗansa ba. Jin Abdallah ag Oumbadougou ne ya sa shi, yana yaro, ya haɗa jitarsa ta farko da itace da wayar birkin keke. Abin tambaya shi ne, matasa nawa ne daga cikin masu sauraron Mdou Moctar da Bombino a wayoyinsu, a Yamai ko Kano ko Tamanrasset, suka san sunan mutumin da ya share musu hanya?

An haifi Abdallah a farkon shekarun 1960 a kusa da Agadez. Yana cikin samarin Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1980, waɗanda ake kira ishumar. A can ne kiɗan jitar hamada ya kankama, kuma shi ne ya zama jagoransa a ɓangaren Nijar, kamar yadda Tinariwen suka zama a Mali. Ya kafa ƙungiyar Takrist n'Akal, ma'ana gina ƙasa. Lokacin tawayen farkon shekarun 1990 hukuma ta haramta waƙoƙinsa, amma kaset ɗinsa ya ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu, ana kwafa a ɓoye. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995 ya fito fili, ya yi wasa a Yamai. Daga baya ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Arlit a shekarar 2000, ya ƙara wata a Agadez a 2003. Ya rasu a watan Janairun 2020.

Domin a gane darajar irin wannan mutum, yana da kyau a leƙa Jamaika, tsibirin da shi ma ya ɗanɗana zaman ƙasar ma'adinai. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1970 babu ƙasar da ta kai Jamaika fitar da bokzait, wato ƙasar da ake yin alminiyon da ita. Kamfanonin waje suka loda a jiragen ruwa suka tafi. A daidai wannan lokaci, a unguwannin talakawan birnin Kingston, wani tsohon ɗan dambe mai suna Cecil Campbell, wanda duniya ta sani da Prince Buster, yana kafa manyan lasifiku a titi yana tara matasa. Yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ska, kiɗa mai sauri da tsalle, wanda jita da ƙaho ke sara a tsakanin bugun ganga. A 1960 ya shigo da makaɗan ganga na Count Ossie ɗakin naɗar sauti domin waƙar "Oh Carolina", a lokacin da masu harkar ke kwaikwayon kiɗan Amurka. A 1964 ya karɓi Musulunci bayan haɗuwarsa da zakaran dambe Muhammad Ali.

Daga ska aka samu rocksteady, daga nan aka samu reggae. Bob Marley kansa da ska ya fara. A ƙarshen shekarun 1970 matasan Ingila suka sake tono faya-fayan Prince Buster, har ƙungiyar Madness ta ɗauki sunanta daga wata waƙarsa. Ya rasu a 2016, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta saka reggae cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Yau idan aka ce Jamaika, mutum nawa ne zai tuna da bokzait?

Wannan kiɗa ya iso har gindin duwatsun Abzin. A tsakiyar shekarun 2000 Abdallah ya yi aikin "Desert Rebel" tare da mawaƙan Faransa da Aljeriya, cikinsu da Guizmo na ƙungiyar reggae ta Tryo. Bombino, ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy, ya gauraya jitar Agadez da reggae a kundinsa "Azel" na 2016.

Sai dai abin da ya raya kiɗan Jamaika ya wuce baiwa kawai. Prince Buster ya mallaki shagon faifai a titin Orange da tambarin kansa, saboda haka bai tsaya ga rera waƙa ba, ya shiga kasuwarta. Makarantar Alpha, wadda mata 'yan Katolika ke kula da ita domin yara marasa galihu, ita ta horar da irin su Don Drummond da Tommy McCook na ƙungiyar Skatalites. Gwamnati ma ta farga, ta ba Prince Buster lambar girmamawa ta ƙasa a 2001, yana da rai.

A Nijar kuwa, kundin Abdallah mai suna "Anou Malane", wanda aka naɗa a Benin a tsakiyar shekarun 1990, wani kamfani ne na birnin Portland a Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2019. Kamfanin ya cancanci yabo. Amma abin kunya ne a ce sai an je Amurka kafin a sami tsabtataccen kwafin waƙar da aka haifa a Abzin. Kaset kuma ba ya jure zafi da ƙura. Duk wanda ya lalace a akwatin wani dattijo a Arlit ko Akokan ko Cirozerin, ya tafi ke nan.

Akwai masu cewa waƙoƙin tawaye ne, bai kamata a tayar da tsohon miki ba. Gaskiya ne wasu daga ciki a lokacin yaƙi aka yi su. Amma ƙasar da ke hutun ranar 24 ga Afrilu duk shekara domin tunawa da sulhu ba ta da dalilin tsoron muryar mutumin da ya rungumi sulhun, ya koma koya wa yara kiɗa. Wasu kuma za su ce garin da ke fama da matsalar ruwa da rashin aiki ba shi da lokacin jita. Ai rashin aikin ne hujjar. Yaron da ya iya gyaran sauti, ko naɗar waƙa, ko ɗaukar bidiyo, yana da sana'ar da zai ci abinci da ita a bikin aure a Agadez, maimakon ramin zinariya ko hanyar Libiya.

Abin da ake buƙata ba shi da yawa. A tattara kaset-kaset ɗin a zuba su a kwamfuta, a ajiye kwafi a Arlit da Agadez da cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA ta tsaya iyalan mamacin su riƙa samun haƙƙinsu. A ɗora a kan harsashin makarantar da ya kafa. Tun 2006 dokar ma'adinai ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankunan da ake haƙa, kuma ɗan abin da za a yago daga ciki ya isa ya sayi jita da lasifika, ya biya malamai. 'Yan Nijar mazauna ƙetare su ma suna da rawar takawa: su sayi waƙar ta halattacciyar hanya, su daina dogaro da kwafin da ake turawa a WhatsApp.

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta ƙwace SOMAÏR daga hannun kamfanin Orano na Faransa, tana cewa arzikin ƙasa na 'yan ƙasa ne. Idan haka ne, maganar ta haɗa da waƙoƙin Abdallah. Ramin COMINAK ya yi shekara 43 ya ƙare, kiɗan da Prince Buster ya fara kuwa ya haura shekara 60 ana cin abinci da shi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.