Koriya: A Fara Buɗe Wa Iyalai Hanya

Duk mutumin Sukuntuni ko Kusada da ke da ɗan'uwa a Maradi ya san abin da ya ji lokacin da aka rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, da kuma lokacin da aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ɗan lokaci ne kawai, kuma ko a cikinsu ana gaisawa ta waya, amma sai da zumunci da ciniki suka ji jiki. To, a can gabashin Asiya akwai al'umma guda, mai harshe ɗaya, wadda aka rufe wa iyaka fiye da shekara 70, ba ziyara, ba wasiƙa, ba waya. Su ne mutanen Koriya.

Ba su ne suka raba kansu ba. Da aka ci Japan da yaƙi a 1945, sai Rasha da Amurka suka tsaga ƙasar a kan layin digiri 38, gwamnatoci biyu suka kafu a 1948, yaƙi ya ɓarke ran 25 ga Yuni, 1950, ya ci rayukan miliyoyin mutane. Abin da aka sa wa hannu a Panmunjom ran 27 ga Yuli, 1953, kuwa tsagaita wuta ce kurum, Koriya ta Kudu ma ba ta sa hannu ba. Ashe ke nan a bisa doka yaƙin bai ƙare ba.

An sha gwada sulhu. An yi sanarwar haɗin gwiwa a 1972, ƙasashen biyu suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, Kim Dae-jung ya taka har Pyongyang a 2000, aka buɗe masana'antun Kaesong inda ma'aikatan Arewa ke aiki da jarin Kudu. Sai dai kowane karo maganar nukiliya ke rusa ginin. Arewa ta yi gwajinta na farko a 2006, aka rufe Kaesong a 2016, ganawar Donald Trump da Kim Jong Un a Hanoi ta watse a Fabrairun 2019, domin Amurka na son a fara ajiye makamai, Arewa kuma na son a fara ɗage takunkumi. A farkon 2024 Kim ya yi watsi da batun haɗewa ɗungurungum, a watan Oktoba sojojinsa suka tarwatsa hanyoyin da suka haɗa sassan biyu.

A ganinmu kuskuren masu shiga tsakani shi ne ɗora kowane abu a kan mafi wuyarsu. Gwamnatin da ta ga abin da ya sami Gaddafi bayan ya miƙa shirinsa na nukiliya a 2003 ba za ta ajiye nata cikin dare ɗaya ba, balle ga sojojin Amurka kusan 28,500 a Kudu. Wannan ba ya wanke Pyongyang daga ƙuntata wa talakawanta, ko kusa. Amma wanda ke jiran sai ta tuba kafin ya zauna da ita, ya daɗe yana jira.

Nan tarihinmu yake da abin faɗi. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe da suka kafa Maradi sun shafe shekaru aru-aru na ƙiyayya a cikin ƙarni guda suna gwabzawa da Katsina, daga bisani Ingila da Faransa suka ja layi a tsakani. Har yanzu ƙasa biyu ce, tuta biyu, kuɗi biyu. Ba haɗewa ce ta kashe gabar ba, kasuwa ce da auratayya da zuwa jana'iza. Mun sani Koriya ta fi haka sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, amma tsarin matakan ɗaya ne.

Saboda haka ya kamata Amurka da Sin da Koriyoyin biyu su mai da tsagaita wutar nan yarjejeniyar zaman lafiya, a ci gaba da cinikin nukiliya a gefe. Kafin wannan ma, a sake haɗa iyalan da yaƙi ya raba, aikin da ƙungiyoyin Red Cross na sassan biyu suka fara a 1985, aka kuma yi na ƙarshe a Agustan 2018. Mutum fiye da 130,000 suka rubuta sunayensu a Kudu suna neman ganin danginsu na Arewa. Mafi yawansu sun riga sun rasu, waɗanda suka rage kuwa galibi sun haura shekara 80.